Ɗakin da Yaya Aslam Ya Gina Mini Ya Cika

…kuma don girman Allah, duk wanda ya tsinci wannan, kar ya ce ni ce. Kar a faɗi sunana, ko ga Goggo Hannatu. Baba ya ce a rufe laftof ɗin a akwati, kukan ya isa haka. Bai san ina ɗaukowa ba in ya tafi kasuwar Ose wajen albasarsa. Ga wuƙa, ga albasa biyu a gefena, in an shigo an ga idona ja, yanka nake.

Ya cika, Yaya. Ɗakin ya cika.

Kai ka sa masa suna ɗaki. Kwamfuta a cikin kwamfuta, ka ce, taki ce ke kaɗai, in an buɗe laftof ba wanda zai san tana nan. Na ce ƙarya kake, ta ina za ta shiga? Ka dungure mini kai — autar Baba, kanki kamar kabewa… Tun ran da aka kawo gawarka daga titin Upper Iweka, okadan a murɗe, takalminka ƙafa ɗaya, nan nake shiga in danna jan maɓallin nan na ɗaukar murya in yi maka magana. Rubutu ba na iyawa sosai, ka sani. Murya dai. Na gaya maka akuyar nan ta haihu. Na gaya maka Baba ya daina cin tuwon dare. Yau na danna, ya ƙi. Ja ya cika layin har ƙarshe, babu wuri, wannan ma a waya nake ɗauka.

To ai na ga yadda kake yi! Wancan karon ina zaune ina ɓare masara, ka kashe ɗakin, ka shiga wajen dis, ma'ajiyar ɗakin, ka ƙara lamba, shi ke nan ya yi faɗi. Kamar ƙara rumfa a kasuwa, ka ce. Na kashe. Na shiga. Wajen dannawar ya yi fari-fari, ba ya dannuwa. Na danna, na danna, har yatsana…

Na ɗauki hoton rubutun Turancin da ya fito a waya na kai wa Obiageli, 'yar mai sayar da kirefish ta bakin layinmu, ita ta gama sakandare. Na ce na wata ce. Ta karanta ta ce e say make you delete snapshot first, if not e no go gree, wai sai an share sinafshot tukuna, in ba haka ba ba zai yarda ba. Ta ce abin banza ne, share kawai.

Abin banza.

Guda ɗaya ne fa. Kai ka ɗauka, safiyar ranar, kana sauri, shayi a hannu. Ka ce wannan sinafshot kenan, yana kama ɗakin yadda yake yanzu-yanzu ya ajiye, kamar an tsayar da agogo. Ga shi nan ina kallo, ɗan ƙaramin hoto kamar kan sarki. Farar takarda a buɗe, ka rubuta sunana a sama, sai "yau za mu koyi" — sai waya ta yi ƙara, kwastoma, ka ce ina zuwa. Za mu koyi me? Me, Yaya? Da ka ƙara kalma ɗaya mana…

Ban taɓa buɗe shi ba. Ka ja mini kunne, in kin koma can, duk abin da kika zuba bayansa ya tafi. Sai dai kallo. Ina matso da fuskata har hancina ya taɓa gilas, sunana ya zama ɗigo-ɗigo.

To yanzu fa? In share, ɗakin ya yi faɗi, in ci gaba da yi maka magana, amma safiyar nan ta tafi, ba za ta dawo ba. In koma ciki, in ga rubutunka babba, ɗan siririn layin nan yana ƙyaftawa inda ka tsaya, amma akuya, da Baba, da ran da na yi mafarkinka a bakin kogi kana ɗaga mini hannu daga kwale-kwale, duk su goge. In bar shi haka… shiru kenan. Wa zan gaya wa? Goggo cewa za ta yi aljanu ne, a kai ni ruƙiyya.

An ɗauke wuta tun azahar. Batir ya yi ja shi ma. Komai ja yau.

Tsaya. In komawa can zai goge maganganuna, ashe duk a bayanka suke kenan? Kai kana can cikin safiyar, shayinka bai huce ba, ni kuma ina ta zubawa a wannan gefen, ina zubawa, har na cika ɗaki… ba ko ɗaya da ta tsallaka. Ko ɗaya. Ba ka san akuyar ta haihu ba.

Kibiyar laftof ɗin na kan wajen sharewa. Na gaji, wallahi na gaji, Yaya, ka ce kana zuwa —

Ƙofar gida. Silifas ɗin Goggo ne. Ina wuƙar… ban ma yanka ko ɗaya ba, tana zu