Tsakanin Ci da Sha

Abin ya fara ne a watan Maris na bara, ranar da Ikilima Abdulgani ta juya takardar tambayoyinta daga Faransanci zuwa Hausa. Tana shekarar ƙarshe a jami'a, sashen ilimin abinci mai gina jiki, kuma bincikenta a kan cimar ƙananan yara yake, a gidajen Hausawan unguwar Kilomita Biyar. Sango, yaren ƙasar, ya fi zama a bakinta, Hausar kuwa ta tsakar gida ce, amma ba ta ga wata wuya a tambayar ba. Ta rubuta: "Me yaron ya ci jiya?"

Wata huɗu ta yi tana sallama gida-gida, tun daga bayan kasuwa har unguwar Kokoro, gida ɗari da arba'in. Iyaye mata suka yi ta lissafa mata gozo, tuwon rogon nan, da miyar ganye, da shinkafa, jefi-jefi ɗan kifi. Da ta haɗa amsoshin, sai ga shi da ƙyar ake samun yaron da madara ko 'ya'yan itace ke shiga cikinsa. Malamar da ke duba aikinta ta ce sakamakon yana da nauyi, har masu raba tallafin abinci za su nemi ganinsa, aka sa ranar kare binciken a Afrilun bana. Mahaifin Ikilima, wanda ɓarin jikinsa ya shanye tun damina, ya sa aka rubuta ranar a bango, daidai inda yake hangowa daga gado. Likita ya riga ya faɗa wa iyalin cewa sai dai addu'a.

Saura kwana tara a kare binciken ta je gaida Gwaggo Zulai, wadda jikanta Muktar na cikin yaran da ta rubuta. Ta iske shi ruwan mangwaro har gwiwar hannu, ga kofin kunun gyaɗa da madara a gabansa. Ta tuna wa gwaggon cewa bara gozo kaɗai ta ambata mata.

"Ke 'yar nan, ai ci kika tambaya," in ji Gwaggo. "Wa ya taɓa cin kunu? Mangwaro ma sha ake yi. Duk bokon nan ba a koya muku wannan ba?"

Ikilima ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Kafin la'asar ta koma gida bakwai, ta sake tambayar da "sha". Ko'ina sai ga kunu, nono, lemo, rake.

Babu mai jin Hausa cikin waɗanda za su saurare ta. In ta yi shiru, ba mai sani. In kuma ta faɗa, kare binciken sai baɗi, ga shi wasu gidajen sun riga sun tashi zuwa Kamaru. Ta zauna gefen gadon mahaifinta tana ba shi ruwa da cokali. Ya ɗaga hannun mai lafiya ya nuna bango, ya yi murmushi da rabin fuska. Ta ci gaba da ba shi ruwan.

Ran Litinin ta ajiye takardun gaban malamar, ta yi mata bayanin kalmomin biyu.

"Madam, tambayar ce ba daidai ba," ta ce. "Ba zan kare wannan aikin bana ba. Zan sake shiga gidajen daga farko."