Na Dama Ko Na Hagu

Wata bakwai ke nan da ɓarin jikin Malam Abdulmannan na hagu ya shanye. Ƙafa ta dawo, baki ya daidaita, amma hannun ya ƙi. Yatsun suna motsi, sai dai ko kofin shayi ba sa riƙewa da kirki. Mutumin da ya shekara arba'in yana jefa birgi a kogin Haɗejia ya koma zaman dakali, ba ya ko son a ambaci kifi a gabansa.

'Yarsa Shamsiyya, wadda ke koyarwa a garin Malam Madori, ita ta ji labarin Ɗahiru mai shagon kayan kamun kifi ya kawo sandunan fatsa na zamani, masu ɗan inji a jiki da ke naɗe igiya. Sai da ta yi mako biyu tana lallashi kafin ya yarda ya bi ta shagon.

Ɗahiru ya ajiye inji biyu a kan benci.

"Baba, aikinsu ɗaya. In ka jefa, wannan kwarkwaron da igiya ke naɗe a kai zai yi ta juyawa, sai ka danne shi da babban yatsa, in ba haka ba igiya ta cukurkuɗe. Bambancin mariƙin juyawa ne: wannan a dama, wannan a hagu."

"Ba ni na dama," in ji tsohon.

Ɗahiru ya saci kallon Shamsiyya. "Na dama, sai ka jefa, ka mayar da sandar hannun hagu ya riƙe, sannan ka juya. Na hagu kuwa, sanda tana dama har ka gama. Hagu juyi kawai zai yi."

"Ka taɓa jin an ce Abdulmannan bahago ne?"

"Baba, ba wannan yake nufi ba," in ji Shamsiyya.

"Ban tambaye ki ba."

 Shamsiyya ta san wannan muryar. Kalma ɗaya za ta ƙara ya juya gida, shi ke nan kuma. Ɗahiru ya ce tun da kogin ba nisa, a je a gwada. Ya ɗaura na dama a sanda, suka gangara.

Ruwa ya cika taf, ƙarshen damina ne, gaɓar ga tsayi ga santsi. Masunta uku na gyaran komar kamun kifi a gindin giginya. Duk sun san shi. Suka gaishe shi, suka zuba ido.

Jifan farko igiyar ta cukurkuɗe. Wani cikin masuntan ya yi tari. Ɗahiru ya sunkuya yana warwarewa, tsohon bai dubi kowa ba. Jifa na biyu kuwa ƙugiya ta tafi sumul, ta faɗa can bayan ciyawar kacalla. Ya mayar da sandar hagu, ya tokare gindinta da haƙarƙarinsa, ya soma juyi.

Shamsiyya ba ruwan take kallo ba. Tsintsiyar hannunsa na hagu take kallo.

Sai kan sandar ya tanƙware gaba ɗaya.

"Ya ci!" in ji Ɗahiru. "Riƙe, Baba!"

Sandar ta zame daga yatsun kamar an shafa mata mai. Ya saki mariƙin, ya kai mata cafka da dama, ƙafarsa ta hagu ta tafi cikin laka. Shamsiyya ta damƙo wuyan rigarsa, ta ji yadin yana darewa a hannunta. Ruwa ya kai masa cinya. Kifin na ja, shi kuma ya ƙi saki.

"Baba, sake ta! Don Allah sake ta!"

Bai saki ba. Kifin ne ya kutsa cikin kacalla, igiyar ta tsinke. Ita da Ɗahiru suka jawo shi tudu, ya zauna daɓas yana haki.

Ta durƙusa gabansa, ta kafe bakinsa da ido, tana duba ko ya karkace kamar wancan karon.

"Baba, kira sunana."

Ya ci gaba da haki.

"Baba!"

"Shamsiyya. Sake min riga."

Sai a lokacin ta lura har yanzu tana riƙe da ita. Masuntan sun taso sun tsaya daga nesa kaɗan. Buba, babbansu, ya ce, "Giwan ruwa ne, Malam. Na ga bayansa." Suka koma kan komarsu.

Tsohon ya daɗe yana kallon hannunsa a kan gwiwa. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ɗaya injin yana shago?"

Ɗahiru ya taɓa aljihunsa. "Yana aljihuna, Baba."

"Ashe kun gama shawara."

 Ɗahiru ya kwance na dama, ya ɗaura na hagu, ya sa sabuwar ƙugiya. Malam Abdulmannan ya jefa daga zaune, sanda a damƙe a dama. Yatsun hagu suka kama mariƙin suka kuɓuce. Suka sake kuɓucewa. A na uku suka zagaya da shi sau ɗaya, sannan sau biyu, igiya na tahowa a hankali tana ɗigar ruwa.

"Kada ki gaya wa uwarki na shiga ruwa."

Shamsiyya ta dubi wandonsa, laka har cinya, ga riga a yage.

"To, Baba," ta ce, ta matso ta zauna daf da kafaɗarsa ta hagu.