Wanda Ke Matsar da Ƙwallon Alama

Sau uku ke nan cikin watan Yuli Glenna Rautio tana tashi da safe ta tarar ƙwallon alama ya bar wurinsa.

Ƙwallaye biyar ne, manya masu ruwan lemo, an jera su a kan ruwa daura da wurin da yara ke iyo, kowanne da sarƙa da dunƙulen siminti a ƙasa. Duk mai jirgi a Tafkin Ellery ya san abin da suke nufi. Idan ka shigo tsakaninsu da gaɓa sai ka rage inji, ka lallaɓa yadda ba za ka tayar da igiyar ruwa ba. Glenna ce da hannunta ta rubuta wannan doka shekara tara da suka wuce, lokacin da ta ajiye tuƙin motar makaranta aka ɗora mata shugabancin kwamitin kiyaye haɗari, don ba wanda ke son aikin. Gidaje sittin da biyu ne a bakin tafkin, kuma da wuya ka sami wanda bai taɓa tsintar takardarta a akwatin wasiƙarsa ba: yaronka ya hau jirgi ba rigar ruwa mai hana nutsewa, ko ka ja mai wasan sulu a kan ruwa ba ka sa mai lura a baya ba, ko ka zagaya tafki ta inda ba a zagayawa. A bayan idonta 'yar sandan ruwa suke ce mata. Ta sani, kuma bai dame ta ba.

Kullum na tsakiya ne ke matsawa. Yakan shigo wajen gaɓa da kusan ƙafa talatin, ya bar wani gibi da jirgi zai iya bi da gudu dab da kawunan yara.

Ta kira Wendell Sobczak su je su mayar da shi. Wendell aminin marigayi mijinta ne, tare suka yi kamun kifi shekara talatin, kuma shi kaɗai ne a kwamitin yake fitowa idan ta kira. Suka shiga ɗan jirginsa kore. Ya ce mata, "Riƙe mana injin yau, kafaɗar nan ta hana ni barci."

Da suka isa ta jawo ƙwallon ta juya shi. A gefe guda akwai yanka uku a jere, sababbi, irin na farfela.

"Ka gani ko? Iska ba ta yanka roba," in ji ta. "Ina gaya maka, Wendell, ɗan Chicagon nan ne."

"To, ke kika sani. Ni dai ban gani ba."

"Ba sai ka gani ba. Wa ke da injin da zai ja siminti mai nauyin mutum?"

Wendell ya shafa yankan da yatsunsa a hankali, sannan ya ce su yi sauri rana na yi.

Ɗan Chicagon shi ne Orrin Beaudry. Bara ya sayi tsohon gidan Lindgren, ya rushe shi ya gina wani mai gilashi daga sama har ƙasa, ya kawo farin jirgi mai inji biyu wanda ya fi ƙarfin tafkin. A taron mazauna tafkin na watan Mayu ya miƙe gaban kowa ya tambayi wa ya auna nisan ƙwallayen daga gaɓa, da me aka auna, kuma me ya sa dole kowa ya zagaya ta fuska guda kamar dawakan sukuwa. Mutane suka yi dariya. Glenna ba ta yi ba. Tun ranar take riƙe da shi.

Ta fara sa masa ido. Ta ajiye madubin hangen nesa kusa da butar kofi, ta buɗe sabon shafi a littafinta. Laraba, ƙarfe biyu, ya fita da baƙi huɗu, duk da rigunan ruwa. Alhamis, ya shiga tsakanin ƙwallaye a hankali, har ya ɗago mata hannu. Wannan ɗaga hannun ya fi komai ba ta haushi. Ta ce a ranta mutumin da bai yi komai ba me zai sa ya riƙa nuna mata yana bin doka? Kuma ta lura da wani abu. Kullum da sassafe, in ta leƙa, sai ta gan shi tsaye a barandarsa yana kallon ruwa. Mai kuɗi irinsa me ya tashe shi ƙarfe shida?

Ranar Asabar ƙwallon ya sake matsawa. Da la'asar ta ga babu motar Orrin a ƙofar gida, sai ta ɗauki tocila ta bi ta gaɓa har dandamalin katakon da yake ɗaure jirginsa. Ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara, ta leƙa ƙarƙashin jirgin tana haska farfelolin ko za ta ga ɓurɓushin ruwan lemo. Tas suke kamar cokalin da aka wanke.

"Wani abu kika yar ne, ranki ya daɗe?"

Saura kaɗan tocilar ta faɗa ruwa. Orrin ne tsaye a kanta da gajeren wando, riƙe da cokalin juya nama. Ashe matarsa ce ta fita da motar.

"Aikina nake yi, Mista Beaudry."

"Na ga alama. Ki duba da kyau, akwai ta biyu a can gefen." Ya miƙa mata hannu ta tashi, ta ƙi kamawa, ta dafa ginshiƙi ta miƙe da kanta. Ya ce, "Ƙwallon tsakiya ne ko?"

Ta kafe shi da ido. "Wa ya ce maka na tsakiya ne?"

"Idona. Coretta, matata, tana iyo kullum ƙarfe shida, daga nan zuwa wurin yara ta dawo. Shi ya sa nake tsayawa a baranda. Na san jirgin da ke buge shi."

"To faɗi mana."

"A'a. Ni baƙo ne a nan, shekarata ɗaya. In na ambaci sunan, kafin dare duk tafkin ya ce na yi wa mutumin kirki sharri don in wanke kaina. Ke ma haka za ki ce. Ki fito da kanki wajen biyar da rabi. Amma ki yi da wuri, don na hana Coretta shiga ruwa tun Talata, kuma ta fara jin haushina."

Glenna ta koma gida tana juya maganar. Dabara ce, ta ce wa kanta. Zai sa ta zauna cikin sauro ta tsare gefe guda, shi kuma ya yi ta dariya. Ko kuma yana da wanda yake so ya laƙa wa. Ta lissafa masu fita da sassafe: 'yan gidan Kuehl biyu, likitan haƙoran nan mai ritaya, da matar da ke ɗaukar hoton tsuntsaye. Ta ga kowannensu zai iya. Ta ɗauki waya za ta kira Wendell ta gaya masa, sai ta ajiye, ita kanta ba ta san dalili ba.

Litinin gari bai gama wayewa ba ta tura kwalekwalenta cikin ciyayin da ke gefen wurin iyo, ta ɗaure rigar ruwa, ta zauna. Tururin sanyi na kwance a kan tafkin, amma ƙwallayen biyar a fili suke, ko yaro zai ƙirga su. Ta jira kusan minti ashirin. Sai ta ji ƙarar ƙaramin inji daga arewa, kuma tun kafin jirgin ya fito ta gane ƙarar, don sau da yawa ta ji ta a ƙofar gidanta.

Koren jirgin ya taho ba da gudu sosai ba, amma kai tsaye, bai kauce ko kaɗan ba. Ya doki ƙwallon tsakiya, sarƙar ta naɗe a ƙasan injin, jirgin ya ja simintin yana gurnani har ya mutu. Wendell ya yi wata ashar a hankali. Ya sunkuya ta baya yana lalube cikin ruwa da hannu biyu, fuskarsa na kallon wani wajen, har ya warware sarƙar. Ya saki ƙwallon a inda yake, ya ɗan daddaɓa shi kamar mai ba shi haƙuri.

"Wendell," in ji ta.

Ya juyo da sauri, amma ba ita ya kalla ba. Wani kututture ya kalla, ƙafa goma daga hagunta.

Ta tuƙa ta matso har kwalekwalen ya taɓa jirginsa. Sai a lokacin abubuwa suka riƙa dawo mata: motarsa da ya ce ta lalace tun Afrilu kuma har yau ba a gyara ba, ranar da ya zuba kofi ya wuce bakin kofin ya ce hannunsa ne ya goce, ciwon kafaɗar da bai taɓa hana shi saran itace ba.

"Tun yaushe?" ta tambaya.

"Tun yaushe me?"

"Kai tsoho, kada ka raina min hankali. Yatsu nawa na ɗaga?"

Ya ce, "Tsakiyar ganina ce ta tafi. Gefe-gefe ina gani. In na karkata kai ina ganinki sarai, da wannan mummunar hular taki." Ya yi ƙoƙarin dariya, ba ta fito ba. "Sun karɓe lasisin mota a watan Afrilu."

Ba sai ya ƙara ba. Doka ta goma sha ɗaya, ita ta rubuta: ba mai tuƙa jirgin inji a tafkin sai mai lasisin mota da ke aiki.

"Shi ya sa nake fitowa yanzu, babu kowa a ruwa," ya ce. "Wa zan cuta?"

"Matar Beaudry tana iyo ta nan ƙarfe shida. Kanta bai kai rabin ƙwallon nan ba, kuma ba ruwan lemo ba ne."

Hannunsa da ke kan injin ya sauka. "Ban sani ba. Wallahi ban sani ba, Glenna."

"Kuma kana zaune gabana ina zagin bawan Allah, ka bar ni ina yi."

"Me kike so in ce? In ce ni ne, ki rubuto min takarda? Shekara hamsin ina kan ruwan nan. Ni na koya wa Arvo inda kifi ke kwana, tun kafin ya san ki."

Ambaton mijinta ya sosa mata rai, amma ta miƙa hannu ta zare igiyar makullin injin ta sa a aljihu. Ta ɗaura jirginsa a bayan kwalekwalenta ta ja shi zuwa gida. Tafiyar minti goma ta ɗauke su kusan awa. Da suka wuce gidan gilashin ta ga Orrin a baranda. Bai ɗaga hannu ba, ya juya ya shige ciki.

A taron watan Agusta ta miƙe ta ce an gano abin da ke matsar da ƙwallon, an kuma magance shi, kuma Mista Beaudry ba shi da hannu, ita ce ta zarge shi ba hujja, tana ba shi haƙuri gaban kowa. Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Babban ɗan Kuehl ya ce, "To wane ne?" Ta ce an magance. Ya ce ai in ba a faɗi suna ba kowa abin zargi ne. Wata daga baya ta ce ita dai ta ga shugaba a dandamalin Beaudry wata ranar Asabar, ba ta san me aka tattauna ba. Glenna ta wuce zuwa batu na gaba, wanke jiragen baƙi kafin a saka su a ruwa. Har aka tashi rabin mutanen na kallon Orrin ta wutsiyar ido, sauran na kallon ta.

Wendell bai zo taron ba. Ya kife jirginsa a bayan gida, ya sayar da injin ga wani daga wani tafkin don kada a yi tambaya. Duk ranar Talata Glenna na tsayar da mota a ƙofarsa ta kai shi wurin likitan ido a gari, a yi masa allura, ta dawo da shi. Makonni biyar yana shiga motar ya zauna ya juya kai wajen taga. A na shida, suna kan hanyar dawowa, ya ce ta tsaya a shagon kayan kamun kifi.

"Me za ka saya?"

"Tana, wadda za mu sa a ƙugiya. Gobe za ki tuƙa ni a kwalekwalenki zuwa bakin duwatsun kudu. Kuma ki zo da man shafawa na sauro, nawa ya ƙare."

Ta sa sigina ta shiga harabar shagon.