Wai Nawa Ne Na Jabu

…kuma har da godiya, Inna. Wai masu manhajar sun gode da na taimaka musu. Wai sun bincika, sun gano shafin da ke kwaikwayon Yajin Jannatu, sun rufe shi. Na buɗe wayar salula da murna — nawa suka rufe. Nawa. Na ɓarayin yana nan daram, da hotonki a kai, kina dariya bakin turmi.

Ni na ɗauki hoton nan. Kina cewa, Safiyatu, bar ɗaukata da gumi, bari in gyara kallabi. Ban bari ba. Yanzu gumin naki ne ke sayar musu da dusa mai kala, ke kina kabari.

Me ban yi ba? A gaya mini abin da ban yi ba. Ban zagi kowa ba. Ban shiga shafinsu na yi ihu ba kamar yadda Issufu ya so — ɗanki dai, kin san shi, wai in ba shi lambar da suka sa, shi da abokansa 'yan kabu-kabu za su nemo su ko a Gaya suke. Na ce a'a, akwai hanya, abu yana da tsari. Na danna inda aka ce a danna. Na rubuta da faransanci mai tsabta, irin wanda malamanmu na lakkwal ke ɗagawa a nuna wa aji. Amsa ta zo: wannan shafi bai saɓa ƙa'idarmu ba. Na sake. Bai saɓa ba. Na roƙi masu sayen yajinmu su ma su kai ƙara… bai saɓa ba. To mece ce ƙa'idar? Wa ya rubuta ta? Akwai mutum a can kuwa, mai hanci, wanda ya taɓa shaƙar kimba ya yi atishawa?

Kamyo, manyan motocin kaya, sun yi layi har bakin butik ɗinmu, hayaƙi na shigowa shago, sai na rufe buhun citta — na tuna Nafisat. A nan ta tsaya, daidai inda buhun yake. Matar da ke tsallako gada tun kina da rai, ta durƙusa ta gaishe ki, ki ƙara mata masoro a kan abin da ta saya. Ran nan ko sallama. Ta ajiye leda a kan tebur, ta ce, Yaya, wannan kuka aika wa ƙanwata mai jego? Ledarmu ce, Inna. Tambarinmu. Na zuba a tafin hannu, ja wur, ba ƙamshi, na sa a harshe — ƙasa-ƙasa. Yarinya ta sha a kunu, cikinta ya murɗe, nono ya ɗauke, jariri na ta kuka. Na ce ba mu ba ne, wani shafi ne. Ta dube ni. Ta ce, ai da hoton Inna.

Ai da hoton Inna.

Yajin jego fa. Ba na tsire ba, ba na marmari ba. Abin da kike tashi ki yi alwala kafin ki daka, ki ce wannan cikin mace zai shiga, macen da jikinta ke ɗanye. Ke da ba ki yarda a sa miki kanumfari na bara… su kuma ko kunya, har suna rubuta wai girkin gado.

Shi ya sa da masu manhajar suka ce in turo shaida na ji sanyi. Shaida? Ina da ita. Ni ce mai ajiye komai a jaka mai zip, ana yi mini dariya. Takardar rajistar kasuwanci, da hatimi. Hoton ledarmu gaba da baya. Na goge gilashin salula, na shimfiɗa takardar a kan farin zane don kada inuwa ta faɗa mata, na jira rezo, layin waya, ya dawo, na tura. Na ce wa Issufu, ka gani? Haƙuri da tsari. Har na ce masa haka, Inna, da bakina.

Mace na leƙowa, tana tambayar ko akwai na jego. Akwai. Tana juya ledar, tana kallona, ta ajiye. Wai za ta dawo. Ba za ta dawo ba, na san tafiyar.

Ledar na hannuna… ja da rawaya, turmi a tsakiya, sunanki a sama —

Tsaya.

Yadji Djanatou.

Haka ke jikin leda. Haka ke jikin takardar, don haka magatakarda ya rubuta ranar da na kai ki ofis, kika faɗi sunanki, ya ji da kunnen faransanci. Mai buga leda ya kwafa daga takarda. Su kuma ɓarayin daga leda suka kwafa, harafi bayan harafi, D da J, O da U. Ni ce kaɗai… ni da na buɗe shafi na ce a'a, sunan uwata ba zai zauna da haruffan da ba nata ba, na rubuta Yajin Jannatu, yadda bakinki ke faɗa. Na ji daɗin kaina ranar. Na karanta miki, kika ce, to, ni dai duk zane ne a wurina.

Suka ɗora takardata a gefen shafi biyu. Ɗaya ya dace da ita, ɗaya bai dace ba.

Ni na ba su. Da hatimi, a kan farin zane, ba inuwa.

Akwai wurin ɗaukaka ƙara, ga shi nan ƙasa, ɗan shuɗi. Suna tambaya: rubuta sunan kasuwancinka kamar yadda yake. Kamar yadda yake a ina? Yatsana na kan D… Inna, wanne zan rubuta? Wanne ne ke?