Idon da Albasa Ta Kasa

Kowa a Aliero ya san Hajiya Barakatu. 'Yar Maiyama ce, tun kafin a haife ni take wasan kwaikwayo, kuma duk fim ɗin da ta fito ita ce uwar da ake bari cikin kuka. Innarmu kan ce in Barakatu ta fara, ko buhun albasa sai ya tausaya mata. Ni kuwa Zinatu, ɗiyar Ɗayyabu mai albasa, ba tausayi ke kama ni ba, tambaya ce. Ina matar nan take samo ruwan? Rijiya gare ta a ka?

Ranar wata kasuwa sai ga labari 'yan fim sun sauka Jega da Hajiya a cikinsu, suna biɗar yarinyar da za ta fito ɗiyarta. Na hau keke na ishe daraktan, wani dogo mai suna Sahabi. Na yi mishi kwaikwayon yadda dillalan albasa ke rantsuwa, ya yi dariya har hularshi ta goce, ya ce in dawo gobe. Kafin la'asar ba gidan da ban shiga ba a unguwarmu. Har awaki sun san Zinatu za ta fito a fim.

Yayana Jabir ya ce, "Ke da ko bulalar Inna ba ta sa ki hawaye? In sunka ce ki yi kuka fa?"

Na ce, "Sai in tuna kai ne yayana."

Ashe bakinshi ya kama. Da safe a tashar Jega, Sahabi ya ce, "A fim ɗin, uwarki za ta shiga mota ta tafi neman magani, ba ki san ko za ta dawo ba. Ba ki da magana ko ɗaya. Kuka kawai."

"Malam, duk wanga baki nawa a bar shi a banza?"

"In ba ki iyawa, ga Sakina can." Ya nuna wata farar yarinya da sunka zo da ita daga Birnin Kebbi. "Ita ko gaisuwa ka yi mata da ƙarfi sai ta zubo."

Anka kunna kyamara. Na matse fuska, na tuno duk wanda ya taɓa mutuwa a danginmu har da jakin kakana. Sahabi ya ce na yi kama da mai ciwon haƙori. Sai mai yi musu kwalliya ta matso ta damƙa mani hankici da dakakkiyar albasa a ciki, ta ce da shi kowa ke yi.

Na kai hanci. Mai kyamara ya fara ƙyafta ido. Mai kwalliyar ta kau da kai tana sharɓe. Sakina, da ke can nesa, tuni ta jiƙe. Ni da anka goya a bakin rudu, rumbun karan da muke aje albasa, ni da nake yanka ta tun ban iya ɗaura zane ba, me zan ji? Yunwa na ji.

Na ce, "Wagga da ƙuli za ta yi daɗi."

'Yan kamasho sunka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Darakta, ka ɗauko 'yar Aliero ka ba ta albasa?"

Sahabi bai yi dariya ba. Ya ce bayan azahar za a gwada sau ɗaya, in ban yi ba a ba Sakina. Na hango kaina ina shiga unguwa, Jabir shina jirana a bakin zaure.

Hajiya Barakatu na zaune a rumfar mai shayi tana shan rake, kamar ba da ita ake fim ɗin ba. Na durƙusa na gaishe ta.

"Hajiya, don Allah ina kike aje hawayen? Ko aro ne ki ba ni, in maido da yamma."

Ta tofar da ɓawo ta dube ni. "Kin taɓa ganin hawayena?"

"Duk Aliero mun gani."

"Ɗauko wayarki."

Na buɗe wani fim nata da na kalla har na haddace, wurin da ɗanta ya tafi. Na kawo fuskarta kusa. Ido a bushe ƙamas. Gefen mayafinta kawai take naɗewa tana warwarewa. Na buɗe wani. Nan kuma shara take yi a inda ta riga ta share. Na nemo na uku, na bi fuskar kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, ko ɗigo babu.

"To mu me munka gani?"

"Naku kunka gani," ta ce. "Zauna."

Ta ce ita ba a gaban kyamara ta fara ba. Tana budurwa ta shiga wata ƙungiya da ke bin ƙauyuka, suna wasa a bayan buɗaɗɗiyar mota kan riga-kafi da taki. Daga Maiyama su yi Gumbin Kure, su zagayo. Ba lasifika, mutane har bisa katanga.

"Ni ma na yi wautar albasa, sau ɗaya. A Jiga Makera, gaban manoman albasa, kin ji rashin wayo. Na goga, hawaye sunka zubo, ina jin kaina gwana. Wata tsohuwa a layin gaba ta buɗe hanci ta ce, 'Wagga ba kuka take ba, miya take haɗawa.' Wasan mutuwa ne, amma har gawar sai da ta yi dariya."

"Sai kinka yi yaya?"

"Sai na koma kallon mata. A tasha, a asibiti, a gidan rasuwa. Na ga wadda abin ya fi ci ba ita ke ihu ba, hannunta ne ba ya zama. Kuma na bisa katanga ba ya ganin hawaye, hannu yake gani. Da shi na shiga talabijin, da shi na shiga fim. Daraktoci sun yi faɗa sun gaji."

"To ni me zan yi da nawa hannun?"

"Wa kinka taɓa yi wa bankwana?"

"Babanmu, duk shekara in zai bi motar albasa Kudu."

"Innarki me take yi?"

Na buɗe baki in ce ba komai, sai na rufe. Inna ba ta kuka. Ƙunshin kayanshi take kwancewa a zaure ta sake ɗaurewa, tana mita wai ba a ɗaure da kyau ba, alhali ita ta ɗaure. Ni da Jabir har kwaikwayonta muke yi muna dariya. Na faɗa wa Hajiya. Ta gatsi rakenta.

Bayan azahar mai kwalliya ta miƙo hankici, na ce ta aje na miya. Anka kunna. Hajiya ta nufi mota da ƙunshinta, na fizge shi. Na kwance, na ɗaure. Na ja bakin, na ga bai yi mani ba, na sake kwancewa. Yaron mota shina bugun ƙofa. Hajiya ta ja ƙunshin, ban saki ba. Ta aza hannunta bisa nawa, ta zare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ta shiga mota. Idona kuwa ko gezau.

Sahabi ya daɗe shina kallon abin da anka ɗauka.

"Ba kuka a ciki," ya ce.

Hajiya ta leƙo ta taga. "Dubi bayanka."

Ɗan kamashon nan mai baki ne ke goge ido da hula. Ya ce albasar ɗazu ce.

Sahabi ya sosa ƙeya. "A sake. A matso da kyamara, hannunta nake so."

Da fim ya fito, a tsakar gidanmu munka kalla a wayar Jabir. Maƙwabta sun rantse sun ga hawayena, har wata ta ce ashe ina da zuciya. Ni Inna nake kallo. Ta bi wurin har ya ƙare, ta ce a maido baya, ta sake kallo.

"Ɗaurin nan bai yi ba," ta ce. "Kafin Maiyama ya kwance."

Ta tashi ta ɗauki tsintsiya.