Shirun da Baturiya Ke Yawo da Shi

Hansatu mai banda ba ta tashi don baƙo muddin akwai kifi a kan wuta, ko da hakimi ne. Duk Warra an san wannan. Shi ya sa ranar da motar haya ta sauke wata dattijuwar Baturiya a bakin ruwa, jama'a suka yi caa a kanta, ita ko kallo ba ta yi ba, tana ta juya tarwaɗarta. Sai da ta ji an ce, "Hansatu, ina aiki?" da wata karkatacciyar Hausa da ta sani tun tana da jan sawu, sannan ta ɗaga kai.

"La'ilaha illallahu! Birijit? Ke ce kika tsufa haka, ko idona ne?"

Birijit ce kuwa, 'yar ƙasar Ailan. Tana budurwa ta yi aikin jinya a Yelwa, a shekarun da aka datse kogin Kwara a Kainji, ruwa ya taso ya cinye gungunan, wato tsibiran da su Hansatu suka tashi a kai. Ita ce ta zo da akwatin magani lokacin da ƙyanda ta kama ɗan farin Hansatu, yaron da kowa ke kira Dudu. Maganin bai yi ba. Aka binne shi a gungun, kafin damina ta zagayo tafki ya rufe kabarin. Bayan haka Birijit ta koma ƙasarsu ta zama marubuciya. Yanzu ga ta ta dawo, har an yanke Kebbi daga Sakkwato ba ta sani ba.

Asibi, ɗiyar Hansatu, wadda aka haifa bayan an yi ƙaura, ta shimfiɗa tabarma ta kawo ruwa. Birijit ta zazzage jaka: hotuna tuli. Ga ta a Dublin gaban lasifika, ga ta a wani gari na Kanada, ga ta a Jamus cikin wata rumfa mai cin mutane kamar kasuwar Yelwa. Ta ce duk shekara ana taron marubuta a ƙasashe, a gayyace ta, ta hau dandamali ta karanta littafinta. Yanzu ma wani taron za ta a kudancin Afirka, ta ce ba za ta wuce ba ta ga Hansatu ba.

"To, roƙo kike yi ke nan," in ji Hansatu. "Mu nan mai yawo gari gari yana magana ana tafa mai, maroƙi muke ce mai."

Birijit ta yi dariya har da tari. Ta ce ai labarin Hansatu ne ya fi tashe ko'ina. Ta ciro rikoda ta danna kaset. Muryarta ta fito da Turanci, tana tafiya tana tafiya, sai ɗif ta yanke. Shiru ya yi tsawo. Can sai tafi ya ɓarke kamar ruwan sama a kan kwano.

Hansatu ta ce, "Batir ne ya mutu a tsakiya?"

"A'a. Nan ne wurin sunan yaron. Na gaya musu ban taɓa jin kin kira shi da sunansa ba, ko ranar da ya rasu. 'Yaron nan' kawai kike cewa. Na ce musu baƙin ciki ne ya shafe sunan daga ranki, kin manta shi. Sai in yi shiru, su ma su yi shiru. Wasu har kuka suke yi."

Hansatu ta ajiye sandar juya kifi. Ranta ya ɓaci, ɓacin da ba ta ɓoye shi.

"Na manta? Ni? Ashe duk garuruwan nan da kika nuna min, abin da kike kai musu ke nan, wai akwai wata mata a Warra da ta manta sunan ɗan da ta haifa? Haba, Birijit! Shekara nawa kika yi cikinmu? Wace uwa ce mai kunya ke kama sunan ɗan farinta? Ko yana raye yau da gemunsa ba ni faɗi. Kunya ce, ba mantuwa ba. Sunan na nan inda na aje shi, ko ƙura bai yi ba."

Fuskar Birijit ta yi ja. Ta ce ta yi kuskure, ta ba da haƙuri, ta ce a faɗa mata sunan ta gyara a taro na gaba. Hansatu ta ce ai shi ne abin da ba ya yiwuwa, bakin da bai faɗa wa mijinta ba, ba zai faɗa wa ƙarfen rikoda ba. A tambayi wani.

Sai Asibi ta yi magana a hankali. "Wa za a tambaya, Inna? Baba ya rasu. Tsofaffin gungu sun ƙare. Ni kaina Dudu kaɗai na sani. Ban san sunan yayana ba."

Wannan ita ce ta soki Hansatu. Ta shiga lissafa waɗanda suka ci naman sunan yaron: limamin, kakarsa da ta laƙaba masa Dudu, wanzamin, ƙannen ubansa. Babu ko ɗaya da ya rage. Kabari na ƙarƙashin ruwa, suna na cikin bakinta ita kaɗai, ita kuwa ga furfura. Ranar da aka kai ta makwanci, da sunan za a rufe ta. Tsoro ya kama ta sosai, amma Hansatu ba ta iya zama da tsoro ba. Ta miƙe ta gyara zani, ta dubi bakin ruwa inda jirage ke sauke kaya.

"Kai, Mai-suna! Taho nan!"

Wani magidanci ya baro injin jirginsa ya taho yana share hannu a riga. Matuƙin jirgi ne mai kai mutane ƙetare. Tun Asibi na ƙarama take jin uwarta na ce masa Mai-suna, kuma in an kwashe banda shi ake zaɓar wa tsoka mai maiƙo ta giwan ruwa. Ba ta taɓa tambayar dalili ba.

Ya durƙusa. "Ga ni, Inna."

"Baƙuwa ce daga nesa. Gaya mata sunanka na yanka, da ƙarfi, kunnenta ya tsufa."

"Haliru," in ji shi, yana mamaki.

Hansatu ta juya. Ta dubi ɗiyarta kawai. Asibi ta dafe baki, hawaye suka zubo mata. Ashe mutumin da uwarta ba ta iya kiran sunansa, take ciyar da shi shekara da shekaru, sunan yayanta yake ɗauke da shi.

Birijit ita ma ta gane. Ta ce, "In faɗa a taron?"

"Ke kika haife shi? Mi zai hana ki? Ki faɗa a wanga taro, ki koma duk inda kika yi musu shiru ki faɗa. Ki ce uwarsa ba ta manta ba. Amma fara gwadawa nan in ji, don na san harshenki, kar ki je ki karya min shi gaban mutane."

Birijit ta miƙe tsaye kamar yadda take yi a dandamali, ta fuskanci tafkin, wajen da gungun yake a da. Ta ɗaga murya.

"Haliru, ɗan Hansatu."

Matuƙin jirgin ya buɗe baki zai amsa, Asibi ta girgiza masa kai. Rabon Hansatu da ta ji an kira sunan nan ana nufin ɗanta tun ranar da liman ya yi masa salla. Ta yi kuka a gaban kowa, ba ta fake da hayaƙi ba. Da ta share ido sai ta ce, "Kin iya. Sake faɗi."