Aljana Mai Satar Takalmin Hagu

Malama Firdausi tarihi take koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Daura, shi ya sa finafinan da mijinta yake kallo suke ci mata tuwo a ƙwarya. Suhaibu dillalin shanu ne, mutum mai nutsuwa a kara, wato kasuwar shanu, amma da ya dawo gida da la'asar ya jingina da bango ya kunna waya, shi ke nan an rasa shi. Ba ya kallon komai sai fim ɗin zamanin da, mai boka da jan ƙyalle da aljana mai dariya minti biyar ba ta ja numfashi ba. In ta nuna masa agogo a hannun sarkin yaƙi, ko falwaya a bayan fagen daga, sai ya ce boko ne ya hana ta jin daɗin duniya.

Wata Asabar tana tsintar wake, dariyar aljana ta ishe ta. Sai ta ce masa ai duk waɗannan wasan yara ne, da ma ya ga wanda malamai suke ta zancensa a makaranta. Ya tambayi sunansa. Idonta ya faɗa kan silifas ɗinsa a bakin tabarma, ta ce Takalmin Hagu.

Ba ta ko ɗaga kai daga faifan ba ta shiga zuba. Wai shekara ɗari huɗu da suka wuce wata aljana ta addabi wani gari. Ba ta shan jini, ba ta taɓa kowa, takalmin hagu kawai take sacewa, har sarki da fadawansa suka koma ɗingishi. An kai boka bakwai, duk sun dawo da ƙafa ɗaya a ƙasa. Sai wani dillali mai suna Dabo ya hau jaki ya nufi kogonta, ba takobi ba laya, ya zauna ya ce ta yi wa takalman kuɗi. Ta faɗi, ya taya, ta ce albarka, ya tashi kamar zai tafi, ya dawo ya ce wancan ai ramamme ne.

Ta zaci a nan zai gane da shi take. Ina, ya ma kashe wayar. Da ya nemi jin ƙarshe, sai ta ce wadda ta ba ta labarin a nan ta tsaya.

Sati uku Suhaibu yana neman fim ɗin. Ya bi masu tura finafinai a waya na Daura ɗaya bayan ɗaya. Wani a Baure ya ce yana da shi amma kwamfuta ta cinye, wani ya rantse sati mai zuwa zai iso daga Kano. Kullum ya dawo ya kawo mata rahoto, ita kuwa ta shige kicin ta toshe baki da mayafi. Abin da ba ta sani ba shi ne duk kasuwar da ya ci sai ya ba da labarin, kuma ya ba ƙanin mahaifinsa, Baba Maiturare, da ya je gaishe shi a Dutsi.

Da aka yi jarrabawa ta tambayi 'yan aji biyu su kawo sunan wani jarumi na ƙasar Daura da abin da ya yi. Tana cikin maki sai ta ci karo da takardar Hadiyya, jikar Baba Maiturare. Shafi biyu cur a kan Dabo. Ta kira yarinyar, ita kuma ta ce ai Dabo kakansu ne, Baba ne ya tara su ranar wani suna ya ba su tarihin, har ya ce an yi fim a kai.

Ran nan dariya ba ta zo ba. Ta koma gida ta faɗa wa Suhaibu gaskiya. Sai ya ce shi nasa mai sauƙi ne, amma Baba ita za ta je ta warware da bakinta.

Ranar Lahadi ya ɗauke ta a babur. Suka sami tsohon a zaure yana gyaran igiya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi bayani tana kallon ƙasa.

"Fim ɗin ke kika ƙaga, na ji," in ji Baba. "Amma kakan kakana Dabo sunansa, kuma dillali ne. Kina nan lokacin?"

"Ba na nan, Baba."

"To, ni ma ba na nan. Sai dai ni jininsa ne. Kuma takarkari ya hau, ba jaki ba. Gidanmu ba a hawan jaki."

Sai ya ɗora labarin daga inda ta tsaya. Wai kwana arba'in ana ciniki, aljana ta rame ta gaji, ta ce ya kwashe kyauta. Dabo ya ce bai yarda ba sai ta ba shi la'ada. Ta ba shi, ta yi arewa ba ta waiwayo ba. Da ya zo rabon takalman kuwa, sai ya ce kowa ya kawo na damansa a gwada, ya haɗa su ƙafa bibbiyu ya sayar wa masu su.

Suhaibu ya yi dariya har da hawaye. Baba kuwa ko murmushi bai yi ba, ya ci gaba da murza igiyarsa, sai gefen gemunsa da yake ɗan motsi.

Suka kamo hanyar gida har suka kusa Daura. Nan ta ce masa ƙarshen da Baba ya yi wa labarin ya fi wanda ta tanada. Ya ce ya ji, amma duk da haka nata ma sai ta faɗa masa.

Hadiyya dai ba ta ci makin tambayar ba. Malama ta rubuta mata da jan biro cewa ta nemo hujja, sannan ta sa sunanta cikin masu wasan kwaikwayon ƙarshen zango.